Abin da Baba Ya Tuna a Kabarin Sarkin Moche

Mu biyu aka zaɓa daga ma'aikatarmu mu je kwas ɗin noman rani a ƙasar Peru, ni da wani dattijon injiniya da kowa a ofis ke kira Baba. Ba furfura kaɗai ta jawo masa sunan ba. Shi ne mai raba rigimar direbobi, kuma ba a suna ko jana'iza a gidan wani ma'aikaci ba a gan shi ba. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Jaba, amma a unguwar Mando, a arewacin garin Kaduna, ya yi gida. A shekarun da jama'a suka riƙa kwashe kaya suna ƙetare kogi, wasu su yi kudu wasu su yo arewa, shi ya ce ba inda za shi, maƙwabtansa kuma suka tsaya masa.

Teburorinmu na kallon juna a ofishinmu na Doka shekara da shekaru. Na san matarsa da 'ya'yansa. Na kuma san 'yar ƙaninsa da ya ɗauko daga ƙauye tun tana rarrafe ya riƙe, wadda a lokacin ta gama karatun nas, ana maganar aurenta. Abin da na sani game da mahaifinta shi ne zazzaɓi ya kashe shi tana jaririya. Haka Baba ya faɗa, ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani.

A wani gari na arewacin ƙasar aka sauke mu, kusa da teku. Ban taɓa zaton hamada na iya zuwa har bakin ruwa ba sai a can. Ka duba hagu rairayi ne fari fat, ka duba dama gonakin rake da shinkafa ne kore shar, dukkansu da ruwan da aka janyo daga duwatsu ake nomansu. Abin da ya kai mu ke nan. Keken haya mai ƙafa uku irin namu ya cika titunan garin, har Baba ya ce in ka rufe kunnenka sai ka rantse a Kawo kake.

Abinci ne ya ba ni wahala. Ba na jin Sifaniyanci, kuma ina tsoron naman alade. Baba ne ya ɗaukar wa kansa aikin. Duk abin da aka ajiye sai ya fara ɗanɗanawa, ya sa a kira masa mai girki, ya yi ta kwatance da hannu da kukan dabba har a gane, sannan ya juyo ya ce, “Malam, ci, kifi ne.” Ko kuma ya janye farantin gabansa ya tura mini shinkafa da ƙwai. In lokacin salla ya yi muna gona, shi ke nemo mini inuwa.

Wata ranar Asabar masu kwas suka ce za su kai mu ganin dalar mutanen da da kaburburan sarakunansu. Mutanen Moche ake ce musu, sun yi zamaninsu sun shuɗe tun kafin Turawa su san akwai ƙasar, kuma an ce wasu magudanan ruwan da muke ta aunawa su suka fara haƙa su. Ni da na ji an ce dala, sai na hango irin ta Masar da muke gani a hoto, ko dalar gyaɗa ta Kano da mahaifina ke ba mu labari. Bas ta bi da mu ta tsakiyar rake, ta wuce wani ƙauye mai gidajen ƙasa da karnuka kwance a ƙofa, ta tsaya. Na leƙa ban ga komai ba sai wasu tsaunuka jajaye da ruwa ya zaizaye, ungulaye na shawagi a kansu. Na tambayi tafinta ina dalar. Ya yi dariya ya ce ga ta nan ina kallo.

Sai da muka matsa kusa na gane. Tsaunin gaba ɗaya ginin hannu ne, bulon ƙasa a kan bulon ƙasa, an jera su har sun tokari sama. Ruwan sama ba ya yawan zuwa ƙasar, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa, shi ya narkar da fuskar ginin ya bar shi kamar tsohuwar ganuwar Zariya inda ba a yi mata yaɓe ba. Baba ya dafa bangon da tafin hannu, ya murza ƙasar a yatsunsa. Ya ce yana tausayin wuyan waɗanda suka ɗauko ta.

Wata mata ce ta zagaya da mu, 'yar ƙauyen, gajera mai kauri, da faffaɗar hular kaba. Za ta yi sa'ar babbar yayata. Tana magana tafinta na juya mana. Ta kai mu ƙarƙashin wata rumfar kwano, inda aka yi shinge aka zagaye wani rami mai zurfi, ta ce mu leƙa.

A ƙasan ramin an shirya komai yadda aka tarar da shi. Kayan ainihi suna gidan tarihi a gari, waɗannan kwaikwayo ne, amma ramin shi ne. Sarki na kwance a tsakiya cikin akwatin katako, an lulluɓe shi da ado tun daga goshi har ƙafa. Akwai mata a wajen kansa da ƙafafunsa, maza a gefe da gefe, da kare, da wasu dabbobi masu kama da ɗan raƙumi marar tozo. Tukwane kuwa ba a magana, cike da lunguna. Can sama kaɗan, a kan rufin kabarin, ga wani mutum shi kaɗai da garkuwa. Matar ta ce mai gadi ne, kuma an same shi ba ƙafafu, an yanke su. Masana sun ce don kada ya bar bakin aikinsa ne.

Na daɗe ina kallon mai gadin nan. Ban san ko ya yarda da kansa ba ne, ko kamo shi aka yi. Na tuna yadda muka kai mahaifina makwancinsa a Tudun Wada da likkafani kawai, aka jera itace aka mayar da ƙasa, kafin rana ta yi zafi mun dawo gida. Raina bai so leƙen kabarin mutane ana ɗaukar hoto ba, ko da kuwa na waɗanda suka mutu tun zamanin da ba a sani ba ne. Duk da haka ban iya ɗauke ido ba. Cikin adon sarkin har da sarƙar wuya da aka ƙera da siffar gyaɗa mai ɓawo, ɓangare ɗaya zinariya, ɗaya azurfa. Na nuna wa Baba, ya yi murmushi ya ce ashe sarkin manomi ne.

Wani daga cikin 'yan kwas ɗin ya tambayi yadda aka gano wurin. Matar ta gyara hularta ta ce ba masana ne suka fara ganowa ba, mutanen ƙauyensu ne. Wasu samari ne suka riƙa haƙa a ɓoye, har suka faɗa kan wani kabari cike da zinariya. Labari ya fasu, gari ya ɗauka, kowa ya kwaso rariya da kwando ya zo tankaɗe ƙasar da suka zubar, ko Allah zai sa a tsinci ɗan abin da ya faɗi. Daga baya hukuma ta zo ta kori jama'a, kuma a rikicin da ya biyo baya ɗaya daga cikin masu haƙar ya rasa ransa.

Mutumin da ya yi tambayar, wani malamin jami'a ne daga wata ƙasa, ya girgiza kai ya ce irin waɗannan ɓarayi sun fi ɓarawon banki illa, don tarihin al'umma suke rusawa, kuma abin da suka fasa ba ya gyaruwa har abada. Tafinta ya juya mata maganar. Ba ta ɓata rai ba. Ta ce gaskiya ne an yi ɓarna mai yawa, ita ma da ta fara aiki a nan ta ga irin abin da aka rasa. Sannan ta ce ita da mahaifinta suna cikin masu rariyar. Tana yarinya a lokacin, shi kuma mai saran rake ne, shekarar ta zo da wuya. Ba su tsinci komai ba sai wasu 'yan duwatsun ado shuɗɗa, ta kuma ga gawar wanda aka kashe, maƙwabcinsu ne.

Da na waiwaya ban ga Baba ba. Na fita daga rumfar na hango shi zaune a gindin wata bishiya mai kama da gawo, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na zaci rana ce ta buge shi, don yana da hawan jini. Na kai masa ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Na zauna kusa da shi.

“Malam,” ya ce, “ƙanina ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba. Rami ne ya rufta da shi.”

Sai ya ci gaba. Ya ce a ƙasarsu ta Jaba in kana noma kakan tono kawunan yumɓu na mutanen da, masu hudajjun idanu da kitso. Suna yara suna wasa da gutsattsarinsu, tsofaffi su hana. Wata shekara baƙi suka fara shigowa ƙauyuka da motoci suna neman kawunan, aka ce a ƙasashen waje ake sayensu. Samari suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Gonaki suka koma ramuka, har akuya ba ta iya kiwo. Ƙaninsa bai yi makaranta mai nisa ba, don shi ya zauna ya riƙe gonar mahaifinsu lokacin da aka tura Baba karatu. Ya yi aure, an haifa masa 'ya, rufin ɗakinsa na yoyo. Sai shi ma ya shiga haƙa a ƙarshen gonarsu, cikin damina, ƙasa ta sha ruwa.

Saƙo ya iske Baba a ofis, a wannan teburin da ke kallon nawa, kafin a ɗauke ni aiki. Ko da ya isa gida an riga an tono ƙanin an wanke. Ya ce ƙasa ta cika masa kunnuwa da ƙasan farce, shi da kansa ya zauna ya cire da tsinke. Mutuwar ba ta zo da ta'aziyya irin ta kowa ba. Tsofaffi suka ce kakanni ne suka kama shi, wasu 'yan coci suka ce sakamakon taɓa gumaka ne, wasu kuma suka ce kwaɗayi. Aka binne shi a bayan gida cikin gaggawa, ba a sa ko alama ba. Matar mamacin ta koma gidansu, daga baya ta yi wani aure a nesa. Baba ya ɗauko yarinyar ya kawo wa matarsa. Da ya dawo aiki aka tambaye shi, bakinsa ya ce zazzaɓi, maganar kuma ta zauna a haka, har ita yarinyar haka aka gaya mata.

Ya ce ya taɓa ganin hoton irin kan nan a wata mujalla, an ajiye shi cikin gilashi a wata ƙasar Turawa, fitila na haska shi. Ya daɗe yana dubawa, yana tunanin ko daga gonarsu ya fito.

Na yi masa ta'aziyya kamar ranar aka yi rasuwar, don ban san abin da ya fi wannan ba. Ya amsa kamar yadda ake amsawa. Ya ce abin da ya taɓa shi shi ne yadda matar nan ta tsaya gaban baƙi ta ce mahaifinta na cikin masu rariya, ba ta sunkuyar da kai ba. Shi kuwa ya fi shekara ashirin yana jin kunyar mutumin da ya noma abincin da aka ci aka biya masa makaranta.

Kafin mu hau bas ya je wurinta. Ya hana tafinta biyo shi. Na hango shi ya riƙe hannunta da hannuwansa biyu yana magana, ban san da wane harshe ba, ita kuma tana gyaɗa kai. Washegari aka kai mu gidan tarihin gari muka ga zinariyar ainihi a cikin ɗakuna masu duhu. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma Baba bai daɗe a ciki ba, ya fita ya jira mu a waje.

Bayan mun dawo Kaduna da 'yan makonni, Baba ya ce in zo gidansa ranar Lahadi bayan sun taso daga coci, in taho da hotunan da na ɗauka, don nasa ba su fito da kyau ba. Na san ba hotuna yake so ba. Na je bayan la'asar. Jiragen sojan sama na ta wucewa ƙasa-ƙasa kamar kullum a Mando, matarsa ta kawo mini kunun aya da gyaɗa. 'Yar ƙanin nasa ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta zauna kusa da shi muna nuna musu dala da ramin da sarƙar gyaɗar. Tana ta tambaya, ta ce mai gadin ya ba ta tausayi. Da muka zo kan hoton matar mai hular kaba, Baba ya ce in tsaya a nan. Ya ba da labarinta. Daga nan ya wuce zuwa na ƙaninsa, bai canja murya ba, idonsa na kan hoton.

Na so in tashi in ba su wuri, ya dafa gwiwata. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana share ido da gefen zani. Yarinyar ta saurara har ya gama. Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba.

“Wato duk Kirsimetin da muke zuwa gida, kowa ya sani sai ni,” ta ce. “Ina durƙusa ina gaishe su, suna kallona.”

Baba ya ce haka ne. Ya ce ya yi ne don kada a goranta mata, amma ba zai ce ya yi daidai ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na yi sallama na tafi, zuciyata ba daɗi, ina ganin kamar da hannuna aka fasa gidan mutane.

Kwanakin da suka biyo baya Baba ya rame. Ya ce yarinyar tana gaishe shi da safe, tana kawo masa abinci, amma ba hira. Ta karɓi aikin dare a asibiti don kada su haɗu. Ban ba shi shawara ba, don ba ni da ita. Sai dai in an tashi aiki mukan ɗan zauna a motata kafin ya hau tasa, mu yi maganar taki da farashin siminti.

Yarinyar ce ta kira ni da kanta wata ranar Juma'a. Ta ce ta ji akwai irin kawunan nan a gidan tarihin da ke nan cikin gari, tana so ta gani, kuma tana so in zo tare da Baba, don in su biyu ne ba ta san abin da za ta ce masa ba. Na sha wuce ginin a hanyata ta zuwa aiki, ban taɓa shiga ba. Washegari muka je. Ba kowa sai mu da ma'aikacin da ya kunna mana fitila. Kawunan na jere a cikin gilashi, wasu ba su wuce dunƙulen hannu ba, wani ya kai kan mutum. Ta tsaya gaban babban, mai hudajjun idanu da leɓe a ɗan buɗe. Ta tambayi Baba ko mahaifinta ya samu abin da yake nema kafin ramin ya rufta. Ya ce bai sani ba. Abokan haƙarsa sun watse a ranar, ba wanda ya faɗa masa, shi kuma bai tambaya ba. Ta tambayi kamanninsa, ko dogo ne, ko yana da fara'a. Baba ya ce ya fi shi tsawo, yana busa sarewa a bikin girbi, kuma ba ya iya cin tuwo sai da yaji mai yawa, kamar ita. Nan ne ta yi kukan. Ma'aikacin ya koma bakin ƙofa ya ba mu baya.

Kafin bikinta suka tafi ƙauye su biyu da buhun siminti a bayan mota. Baba ya gaya mini sun sha wuya kafin su gane daidai inda kabarin yake, sai da wata tsohuwar gwaggonsu ta nuna musu. Suka ɗaure shi da bulo, yarinyar ta rubuta sunan da tsinke tun simintin bai bushe ba. Ta ce a kai ta wurin ramin. An daɗe da cike shi, citta ce ake nomawa a kai. Wasu 'yan uwa sun yi gunagunin an tono tsohuwar magana, wasu kuma suka zo suka tsaya tare da su aka yi addu'a.

Na je ɗaurin auren a cocinsu, na zauna a layin baya tare da wasu 'yan ofis da maƙwabtansa Musulmi na Mando. Da fasto ya tambayi wanda ke ba da amarya, Baba ya miƙe ya ce shi ne, a madadin ƙaninsa, ya faɗi cikakken sunansa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Shekarar da ta biyo baya ya yi ritaya. Bai sayar da gidan Mando ba, amma yawancin damina a ƙauye yake yinta, ya koma noman gonar mahaifinsu. Wani saurayi aka ba teburinsa. In Baba ya shigo gari yakan biyo ofis ya zauna a kujerar baƙi, direbobi su taru su kawo masa ƙara kamar da. Zuwansa na ƙarshe ya ce mini 'yar tasa ta haifi namiji, ana ta gardamar sunan da za a sa masa, shi dai ya ce ba ruwansa, su iyayen su zaɓa.